Ons Jabeur Ba Ta Ci Bashin Kowa Ba



Da yawanmu ba za mu manta Babbar Sallar 2022 ba, wadda ta faɗo ranar Asabar 9 ga Yuli. An sauko daga idi, an yanka, an feɗe, hayaƙin suya ya cika unguwa. Da ƙarfe biyu na rana, can a birnin Landan, wata 'yar Tunisiya mai suna Ons Jabeur ta shiga filin ciyawa na Wimbledon za ta buga wasan ƙarshe. Mutanen da ba su taɓa zama sun kalli tanis ba a rayuwarsu suka taru gaban talabijin da wayoyi, hannu duk maiƙo, suna tambayar dalilin da ya sa lissafi ke tsalle daga 15 zuwa 30 sannan 40. Abin da kowa ya gane shi ne 'yar Afirka ce, Musulma ce, kuma ranar Sallah ce. Ta ci turmin farko 6-3, muka ce goron Sallah ya samu. Sai Elena Rybakina ta Kazakistan ta farfaɗo, ta cinye turmi biyun da suka rage, 6-2 da 6-2. Aka koma kan nama baki ba daɗi.

Shekara uku bayan nan, a watan Yulin 2025, Ons ta fitar da sanarwa cewa za ta jingine wasa, ba ta kuma faɗi ranar dawowa ba. Ta ce ta daɗe tana fama da raunuka, ta daɗe ba ta jin daɗin zama a fili, tana so ta huta ta warke. Nan da nan hukunci ya fara sauka daga masu kallo na nesa irinmu: wai ta ba da kai bori ya hau, wai ba ta da zuciyar cin kofi, ta kai bakin gaɓa sau uku ta kasa haurawa, ta ba nahiya kunya. Da wannan hukunci muke jayayya a wannan makon. A ganinmu matar nan ba ta ci bashin kowa ba, kuma wanda bai ba da rance ba, ba shi da hurumin zuwa ƙofar gida yana sallama.

Sai mun koma baya kafin maganar ta fito fili. An haife ta ranar 28 ga Agusta 1994 a garin Ksar Hellal, ta tashi a Sousse da ke bakin teku. Ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarta, Samira, tana buga tanis don nishaɗi, ita ce ta damƙa mata raket tana shekara uku, ita ce kuma daga baya ta riƙa tuƙa ta gari-gari a Tunisiya domin shiga gasar yara. Kocinta na farko, Nabil Mlika, ya riƙe ta tun tana shekara huɗu har ta kai 13, kuma a farkon lamarin kulob ɗinsu ba shi da filin kansa, sai dai su yi amfani da filayen otal-otal na masu yawon buɗe ido. Tana shekara 12 ta bar gida ta koma Tunis babban birni, makarantar 'yan wasa ta El Menzah. Tana 16 ta fara fita horo Beljiyam da Faransa. Duk mai 'ya a gida ya san nauyin sakin yarinya 'yar shekara 12 ta tafi wani gari saboda wasan da ba wanda ya taɓa arziki da shi a danginku.

A 2010 ta kai wasan ƙarshe na 'yan mata a gasar Faransa, wato Roland Garros, Elina Svitolina ta Yukiren ta doke ta. A ƙarshen shekarar aka yi mata tiyata a wuyan hannu, ta yi watanni ba ta buga wasa. A 2011, shekarar da ƙasarta ke cikin hayaniyar juyin-juya-halin da ya kori Shugaba Ben Ali, ta koma Faris ta ɗauki kofin, bayan ta doke Monica Puig. Rabon da wani Balarabe ya ci irin wannan kofi na matasa tun 1964, lokacin da Ismail El Shafei na Masar ya ci na Wimbledon.

Da tatsuniya ce, daga nan sai sarauta. Abin da ya biyo baya kuwa shekaru shida ne na tafiya cikin duhu, kuma a kan waɗannan shekaru muke so mu daɗe, domin su ne masu bin bashi ba sa ambata.

Mun saba da ƙwallon ƙafa, shi ya sa muke yi wa tanis gurguwar fahimta. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da kulob mai biyan albashi ko ya buga ko yana benci, mai ɗaukar nauyin jirgi da masauki da likita. 'Yar tanis ita ce kulob ɗin kanta. Ita ke biyan kuɗin jirginta, ita ke biyan koci da kuɗin jirginsa da ɗakinsa, ita ke biyan mai gyara mata igiyar raket, ita ke neman biza. Ba ta da albashi, sai abin da ta ci a gasa, idan kuma aka fitar da ita ranar Litinin to makon ya tafi da asara. Idan ta ji rauni, kuɗi ya tsaya cak, maki kuma yana zubewa, domin makin da aka samu yau yana ɓacewa bayan makonni 52. A ƙananan gasa na wancan zamani akwai waɗanda kuɗin da za a raba wa duk 'yan wasan gaba ɗaya dala 10,000 ne. Wadda ta ci kofin ma da ƙyar take mayar da kuɗin tafiyarta, balle wadda ta faɗi a zagaye na biyu.

Sannan filin ba daidai yake ba tun daga tushe. Manyan gasa huɗu na duniya, waɗanda ake kira Grand Slam, suna Ostareliya da Faransa da Ingila da Amurka. Hukumomin tanis na waɗannan ƙasashe suna samun maƙudan kuɗi daga gare su, suna rainon 'ya'yansu da shi, suna kuma da damar ba su katin alfarma su shiga babbar gasa ba tare da matsayinsu ya kai ba. Yarinyar Faransa za ta iya hawa jirgin ƙasa ta je gasa a ƙasashe uku cikin wata guda ba wanda ya tambaye ta takarda. 'Yar Tunisiya sai ta yi layi a ofishin jakadanci. A cikin wannan yanayi Ons ta yi ta faɗi-tashi tsakanin 2011 da 2017, tana canza koci, tana hawa tana sauka, ba ta shiga cikin ɗari na farko a jerin gwanayen duniya ba. 'Yan ajinta suka wuce ta. Puig da ta doke a Faris ta ci zinare a gasar Olamfik ta 2016, Svitolina ta shiga sahun goma na farko. A waɗannan shekaru, mu da muke cewa yanzu ta ba mu kunya, ko sunanta ba mu sani ba.

Hatta ƙofar da ta buɗe mata a 2017 sai da rabo ya sa hannu. An fitar da ita a wasannin share fage na Roland Garros, sai wata 'yar wasa ta janye, aka kira ta ta cike gurbin. Ta shiga ta ƙofar baya ta doke Dominika Cibulkova, wadda ke cikin goma na farko a duniya, ta kai zagaye na uku. Gab da gasar ne kuma ta samu tallafin kuɗi daga wata gidauniya da manyan gasa huɗun nan suka kafa domin 'yan wasan ƙasashe marasa ƙarfi. A shekarar ta shiga ɗari na farko, tana neman cika shekara 23. A tanis ɗin mata wannan jinkiri ne babba, domin akwai waɗanda suka ci manyan kofuna tun ba su kai 20 ba.

Akwai kuma maganar salonta, wanda ya jinkirta ta, kuma shi ne ya sa duniya ta so ta. Tanis ɗin mata na wannan zamani wasan ƙarfi ne: a tsaya a bayan fili a yi ta narka wa ƙwallo duka har ɗaya ta gaji ko ta kuskure. Ons ba haka take ba. Za ta ɗaga hannu kamar za ta maka, sai ta sassauta, ƙwallo ta tsallake raga da ƙyar ta faɗi a gindinta ta mutu, abokiyar karawa tana can baya tana kallo. Tana yankar ƙwallo ta ƙasa ta tafi tana shafar ciyawa, tana canza gudu, tana wasa da hankalin mutum. Irin wannan wasa yana da haɗari, ranar da hannu bai zauna ba sai ka ga kamar ganganci take yi. Mai dabara ɗaya ba ya ruɗewa wajen zaɓi, mai dabara goma kuwa sai ya shekara yana koyon wacce zai fitar a wane lokaci. Ta sha jin shawarar ta rage, ta yi irin na kowa. Ba ta rage ba.

Wani zaɓin da ta yi shi ma ya saɓa wa al'adar wasan. 'Yan wasa daga ƙananan ƙasashe sukan ɗauko koci daga Turai da zarar kuɗi ya fara shigowa. Ita da ta kai ƙololuwa, mutanen gida ne a gefenta. Mijinta Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi da ta aura a 2015, shi ne mai kula da ƙarfin jikinta tun 2017. Wanda ya zama kocinta a 2020 shi ne Issam Jellali, ɗan Tunisiya. Da su ta yi kusan duk abin da za mu lissafa yanzu.

A Janairun 2020 ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Ostareliya, Balarabiya ta farko da ta yi haka a babbar gasa, kuma a hanya ita ce ta kawo ƙarshen wasan Caroline Wozniacki kafin ritayarta ta farko. A Yunin 2021 ta ci kofin Birmingham, shekara goma cif bayan kofin 'yan mata na Faris, kofi na farko da wata Balarabiya ta ci a babban rukunin mata na WTA. Makonni kaɗan bayan nan, a Wimbledon, ta doke Venus Williams da Garbiñe Muguruza da Iga Swiatek a jere, dukkansu masu manyan kofuna. A Oktoba ta shiga goma na farko, abin da babu Balarabe, mace ko namiji, da ya taɓa yi. Kafin ita, matsayi mafi girma da wata Balarabiya ta kai shi ne na 75, kuma 'yar ƙasarsu ce, Selima Sfar. A 2022 ta ci Madrid, ta ci Berlin, ta zama ta biyu a duniya. Da Serena Williams za ta dawo fili bayan shekara guda tana jinya, Ons ta zaɓa su buga wasan bibbiyu tare a Eastbourne. A gida Tunisiya, inda tsadar rayuwa da rikicin siyasa suka gallabi jama'a, aka laƙaba mata Ministar Farin Ciki.

Wannan laƙabi yana da daɗin ji, amma mu dube shi da kyau. An ɗora wa mace ɗaya mai riƙe da raket aikin da gwamnati ta kasa. Sannan nauyin ya yi ta faɗaɗa: daga Tunisiya zuwa ƙasashen Larabawa, daga nan zuwa Afirka gaba ɗaya, daga nan zuwa duk inda Musulmi yake, har ya iso zaurukanmu ranar Sallah. Ita ma, a gaskiya, ba ta guje shi ba. Ta sha faɗa da bakinta cewa tana wasa ne domin ƙasarta da nahiyarta, tana so yara su gan ta su ce za su iya. Amma wanda ya ɗauki kayan mutane don Allah, idan ya gaji a hanya ya sauke, sannu ake ce masa. Swiatek tana buga wa Polan, ƙasar da ta riga ta ga Agnieszka Radwanska a wasan ƙarshe na Wimbledon. Coco Gauff tana da Serena da Venus da dogon layi a gabanta. Ons tana shiga fili a matsayin mace ta farko daga Afirka da ta kai wasan ƙarshe na babbar gasa tun da aka buɗe wasan ga ƙwararru a 1968, kuma ta san idan ta faɗi babu ta biyu a bayanta da za a juya a kalla.

Yanzu sai mu zo kan hujjar masu suka, don ba za mu yi musu rowar gaskiyarsu ba. Wasannin ƙarshe uku ta buga, ta faɗi uku. Na farko, na ranar Sallah, ta gamu da mai bugun farko kamar harsashi wadda ta tashi daga barci a turmi na biyu. Na biyu, a gasar Amurka cikin Satumbar 2022, ta gamu da Swiatek a shekarar da babu mai iya tare ta, aka tashi 6-2 da 7-6. Waɗannan biyun ana iya cewa an fi ta. Na uku kam babu wannan uzuri.

Wimbledon ta 2023 tata ce ta kowace fuska. Ta doke Petra Kvitova mai kofin sau biyu. Ta rama abin da Rybakina ta yi mata. Ta doke Aryna Sabalenka a wasan kusa da na ƙarshe bayan an ci ta turmin farko. Duk manyan duwatsun ta kawar da su da hannunta, ya rage Marketa Vondrousova ta Jamhuriyar Cek, ta 42 a duniya, wadda ba ta cikin waɗanda aka ware a matsayin gwanaye. Ons ta yi gaba 4-2 a turmin farko ta bari ya kuɓuce. Ta yi gaba 3-1 a na biyu, shi ma ya kuɓuce. Ƙafafunta sun yi nauyi, bugun da take yi ido rufe ya riƙa faɗawa raga. Aka tashi 6-4 da 6-4. Ta tsaya tana kuka a gaban duniya riƙe da farantin ta biyu, ta ce wannan ne kaye mafi zafi a rayuwarta ta wasa. Duk wanda ya ce tsoro ne ya kayar da ita ranar, bai yi ƙarya ba. Vondrousova ta yi wasa cikin natsuwa kuma ta cancanci nasararta, amma Ons ba ta buga rabin abin da ta iya ba.

Abin da ba mu sani ba a ranar, sai a farkon 2024 ta bayyana shi a wani fim da aka yi kan rayuwarta. Ita da mijinta sun tsara cewa idan ta ci wannan kofi za ta dakata ta haihu. Ke nan da ta shiga fili abu biyu ta sa a faifai, farantin azurfa na Wimbledon da kuma ɗan da take ta ɗagawa shekara da shekaru. Da ta faɗi, a wurinta duka biyun ne suka tafi. Ta kuma faɗi cewa firgici ya kama ta tun kafin a fara wasan. Mu da muke zaune muna lissafin abin da ta hana mu, ashe ita lissafin da take yi ya wuce na kofi.

A nan ne bambancin mace da namiji a wannan sana'a yake fitowa tsirara. Roger Federer yana da 'ya'ya huɗu, Novak Djokovic yana da biyu, babu wanda haihuwa ta ɗauke wa shekara guda daga fili. Shekarun ƙarfin 'yar wasa kuwa su ne dai shekarun haihuwarta, kuma agogo biyun tare suke gudu. Gaskiya ne akwai waɗanda suka haihu suka dawo. Kim Clijsters ta ci manyan kofuna uku tana uwa. Svitolina ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon wata tara bayan haihuwa. Tatjana Maria, ƙawar Ons, tana da 'ya'ya biyu lokacin da suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe a 2022, ranar da Ons ta doke ta sannan ta jawo hannunta zuwa tsakiyar fili domin jama'a su tafa mata. Amma Serena da kanta, wadda babu kamarta, ta kai wasan ƙarshe huɗu bayan haihuwarta a 2017 ba ta ci ko ɗaya ba. Kuma sai a Maris 2025 ne hukumar WTA ta sanar da tsarin biyan 'yan wasa kuɗin hutun haihuwa. Kafin nan, wadda ta tsaya ta haihu ta tsaya ne a kan aljihunta. Mun san yadda ake yi wa matar da ta shekara takwas da aure ba ta haihu ba tambaya a ko'ina cikin duniyarmu. Ons tana amsa waccan tambaya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma muna tambayarta ina kofi.

Wani zai ce, to ai Clijsters ɗin nan ta faɗi wasan ƙarshe huɗu kafin ta ci na farko, haka Andy Murray, haka Ivan Lendl. Simona Halep ta faɗi uku ta ci na huɗu. Me ya hana Ons ta daure kamar su? Tambaya ce mai kyau, kuma Clijsters da kanta tana cikin waɗanda suka rarrashe ta bayan kayen 2023. Amsar tana cikin shekaru da jiki. Clijsters tana da shekara 22 lokacin da ta ci kofinta na farko, Murray 25, Halep 26. Ons ta kai wasan ƙarshe na farko tana gab da cika 28, saboda waɗancan shekaru shida da ta ɓatar tana neman hanya. Lokacin da sauran suke da sauran dama biyar ko shida a gaba, ita tata taga ta riga ta fara rufewa. Kuma ta daure ɗin. Bayan Wimbledon ta ci kofin Ningbo a ƙasar Sin, na biyar a tarihinta. A 2024 gwiwa ta hana ta zuwa Olamfik, kafaɗa ta hana ta gasar Amurka, ta rufe shekarar tun Satumba. A 2025 ta dawo tana fama da numfashi, har ranar farko ta Wimbledon ta kasa ƙarasa wasanta da Viktoriya Tomova, ta fita daga filin da ta fi so tana hawaye. Shekara biyu ta yi tana turawa kafin ta ce ta gaji. Wanda ya kira wannan ragwanci bai taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Akwai wata magana da muka san za ta taso, gara mu taɓa ta da kanmu. Wasu za su ce me ya haɗa mu da macen da ke wasa da irin wannan shiga. Wannan zance ne na malamai, kuma kowa ya san inda ake neman fatawa. Abin da ya dame mu shi ne mai baki biyu: ranar da take cin wasa 'yar uwarmu ce Musulma, ana ta yaɗa hotonta, ranar da ta faɗi sai a tuna da tufafinta. Wanda ya nisanta kansa da ita tun farko ya fi wannan mutunci.

Sannan idan ana maganar abin da ta yi da sunanta, akwai abin faɗa. A gasar ƙarshen shekara ta 2023 a Cancun ta ƙasar Meziko, bayan ta doke Vondrousova ɗin da ta hana ta kofi, aka miƙa mata makirufo ana jiran ta yi murnar ramuwa. Sai ta fashe da kuka, ta ce hotunan yaran da ke mutuwa a Gaza sun hana ta sukuni, ta kuma sanar da ba da wani kaso na kuɗin da ta ci domin taimakon Falasɗinawa. A wasan da 'yan wasa ke tsoron ɓata wa kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A farkon 2024 Hukumar Abinci ta Duniya ta naɗa ta jakadiya. Ta kuma fito fili ta soki masu shirya Roland Garros kan yadda suke ware wa maza wasannin dare, lokacin da aka fi kallo, suna barin mata da rana.

Idan lallai sai an bi wani bashi, a tambayi nahiyar da ta yi ta tafi. A Oktoban 2022 aka yi gasar WTA ta farko a Tunisiya, a garin Monastir, kuma kowa ya san albarkacin wa aka ci. Mayar Sherif ta Masar ta ci kofin Parma a shekarar. Angella Okutoyi ta Kenya ta ci kofin bibbiyu na 'yan mata a Wimbledon ɗin da Ons ta faɗi ranar Sallah. Ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, a nahiya mai mutum sama da biliyan. Nijeriya ta taɓa ganin ɗanta Nduka Odizor a zagaye na huɗu na Wimbledon a 1983, yau sama da shekara arba'in, kuma ba mu gina komai a kan wannan ba. A yawancin garuruwanmu filin tanis yana cikin kulob ɗin manya ko barikin soja ko jami'a, bayan katanga, inda 'yar talaka ba ta da dalilin shiga. Ons ma a filin otal ta fara, sai dai ta samu uwa mai mota da haƙuri, da koci da ya zauna da ita shekara tara, da makarantar gwamnati da ta karɓe ta tana 12. A cire ɗaya daga cikin ukun nan, da ba mu taɓa jin sunanta ba.

Ba mu ce a daina jin zafin 2023 ba. Mu ma har yau idan aka nuno wancan wasa sai mun kawar da kai daga 4-2. Tarihin wasanni ba ya da tausayi, za a rubuta ta cikin gwanayen da ba su ci babban kofi ba, kusa da Radwanska da Elena Dementieva, kuma ita ta fi kowa sanin haka, tunda har hoton farantin Wimbledon ta taɓa sakawa a fuskar wayarta. Rashin nata ne kafin ya zama na kowa.

A watan Nuwamban 2025, wata huɗu bayan ta jingine raket, ita da Karim suka sanar cewa suna jiran ɗa namiji. Ta ce fili zai ɗan ƙara jiranta. Tatjana Maria, wadda ta jawo wa hannu a Wimbledon, ta ci kofin Queen's a Landan cikin Yunin 2025 tana da shekara 37, 'ya'yanta mata biyu suna gefen fili suna kallo. Ons tana da 31 lokacin da ta yi sanarwar. Allah Ya raya, Ya ba uwa lafiya.